Shirin Tambayi Likita a Talabijin da Ra'ayoyin Masu Kallonsa

Kusan wata shida ke nan ina bibiyar wani shirin lafiya da ake gabatarwa a talabijin sau ɗaya a mako, irin wanda ake gayyato likita ya zauna da mai gabatarwa na rabin sa'a, masu kallo kuma su bugo waya ko su aiko da saƙo suna tambaya a kan larurorin yau da kullum, kamar mura da ciwon kai da zazzaɓin yara da hawan jini. Ɓangaren da ya fi ɗaukar hankalina shi ne mintuna biyar na ƙarshe, inda ake karanto ra'ayoyin masu kallo game da shirin makon da ya gabata, domin a nan ne mutum yake gane abin da ya shiga kunnen jama'a da abin da ya wuce su.

Shirin da ya fi kowane amfani a ganina shi ne wanda aka yi a kan awon hawan jini a gida. Likitar da aka gayyato ta zo da na'urarta, ta ɗaura wa mai gabatarwa a kan hannun riga, yana zaune ya harɗe ƙafafu yana ci gaba da magana, aka nuna sakamakon a fuskar talabijin. Daga nan sai ta sa ya naɗe hannun rigar, ya jingina bayansa da kujera, ya sauke ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya ɗora hannunsa a kan tebur daidai da ƙirjinsa, ya yi shiru na minti biyar ana ci gaba da wani bayani, sannan ta sake aunawa. Lambobin suka sauko sosai. Gani ya kori ji. Mahaifina, wanda ya shekara uku yana auna kansa a tsaye da zarar ya shigo daga waje, bai ce komai ba a lokacin, amma washegari na same shi zaune shiru a gaban tebur yana duba agogo kafin ya danna na'urar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya fiye da biliyan ɗaya ne ke da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, saboda haka duk shirin da ya koya wa mutum yadda zai auna kansa daidai ya yi aikin da ya cancanci yabo.

Ra'ayoyin da suka biyo bayan wannan shiri sun nuna wani ruɗani da masu shirya shi ba su hango ba. Likitar ta ce hawan jini yana farawa ne daga 140 bisa 90, sai masu kallo da yawa suka aiko cewa su 130 bisa 80 suka taɓa ji, suna tambaya wace magana ce gaskiya. Na ji daɗin yadda aka dawo da batun a mako na gaba aka warware shi: 140 bisa 90 shi ne ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya take aiki da shi, shi kuwa 130 bisa 80 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka ne suka sauko da shi a 2017, kuma a kowane hali ba a yanke hukunci da awo ɗaya, sai an maimaita a ranaku dabam-dabam. Da ba a buɗe wa masu kallo ƙofar mayar da martani ba, da mutane da dama sun tafi da zaton cewa likitar ta yi kuskure.

Ƙorafin da ya fi yawa, wanda kusan kowane mako sai an karanto irinsa, shi ne cewa likitocin ba sa faɗin sunan maganin da mutum zai saya. Na fahimci takaicin wanda ya daɗe yana jiran layi ya shiga, ya zayyana ciwonsa, aka sallame shi ba tare da sunan ƙwaya ko ɗaya ba, amma a wannan gaɓa ina tare da likitocin ɗari bisa ɗari. Wanda bai ga majinyaci ba, bai taɓa jikinsa ba, bai san sauran magungunan da yake sha ba, ba shi da hurumin rubuta masa magani, balle a gaban dubban mutane da kowannensu zai iya ɗaukar maganar a matsayin tasa. An ga haka ƙarara a makon da aka tattauna mura, lokacin da masu bugo waya suka yi ta neman a faɗa musu antibayotik ɗin da ya fi ƙarfi. Likitan ya yi bayani cikin natsuwa cewa bairos ne ke kawo mura, antibayotik kuwa bakteriya kaɗai yake kashewa, kuma mura kan warke da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. Ya ƙara da cewa shan waɗannan magunguna barkatai ne ke koya wa ƙwayoyin cuta jure musu, abin da Alexander Fleming, wanda ya gano maganin antibayotik na fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi a kai tun 1945, kuma bijirewar bakteriya ga magani ita ce ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 1.27 kai tsaye a 2019. Wasu sun aiko a mako na gaba cewa amsar ba ta gamsar da su ba, kuma ban yi mamaki ba, domin al'adar da mutum ya daɗe a kanta ba ta barinsa cikin rabin sa'a.

Sai dai akwai inda masu ƙorafin suke da gaskiya. Wasu daga cikin baƙin shirin, da zarar an yi tambaya, sai su ce a je a ga likita, su tsaya nan. Wannan amsa ba ta wadatar da uwar da ɗanta ke zazzaɓi da tsakar dare, wadda abin da take bukatar sani shi ne ko ta jira gari ya waye ko ta fita yanzu. Ƙwararrun baƙin su ne waɗanda suka ba da alamomin da mutum zai riƙe. Wata likitar yara ta ce jaririn da bai kai wata uku ba, idan zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Selsiyas, a kai shi asibiti nan take, kuma kada a bai wa yara asfirin sai da umarnin likita. Wani likitan ya tunatar cewa babba kada ya wuce giram 4 na farasitamol a yini, ya kuma ɗaga kwalin maganin mura ya nuna da yatsa inda aka rubuta cewa akwai farasitamol a ciki, ta yadda mai haɗa su biyu zai iya cutar da hantarsa bai sani ba. An kuma nuna alamomin shanyewar ɓarin jiki, wato karkacewar baki da mutuwar hannu ɗaya da sarƙewar magana, tare da jaddada cewa sa'o'in farko ne ke da muhimmanci. Saƙonnin godiya mafi yawa da aka karanto sun biyo bayan irin waɗannan makonni ne, kuma ya kamata masu shirin su lura da hakan wajen zaɓen baƙinsu.

Abin da ya fi ɓata mini rai, kuma masu kallo da dama suka koka a kai, shi ne tallace-tallacen da ake sanyawa a tsakiyar shirin. Likita zai gama bayani cewa hawan jini ana shawo kansa ne da shan magani a kai a kai da rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a yini, sai a tafi hutu a hasko tallar wani haɗi da ake cewa yana kawar da ciwon baki ɗaya, wani lokaci ma mai tallar yana sanye da farar riga irin ta asibiti. Dattijon da ke kallo ba lallai ne ya bambance inda shirin ya tsaya da inda talla ta fara ba. Matsalar amincewa da duk abin da aka ji a talabijin tsohuwa ce: a 2014 mujallar likitanci ta BMJ ta wallafa wani nazari a kan shahararrun shirye-shiryen lafiya biyu na Amurka, aka samu cewa shawarwarin da suke da hujjar bincike a bayansu kashi 46 cikin 100 ne a ɗaya, kashi 63 a ɗayan. Shirin da nake magana a kai ya fi waɗancan taka-tsantsan a bakin likitocinsa, amma yana zubar da wannan daraja a lokacin hutun talla.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Rubutun da ake nunawa a ƙasan fuskar talabijin yana gushewa kafin mai rubutawa ya kwafe shi, kuma mai gabatarwa yakan katse likita ana tsaka da bayani don ya karɓi wani kira. Zan ci gaba da kallon shirin, kuma na riga na aika musu da nawa saƙon, inda na roƙi a cire tallar magunguna daga cikinsa, a kuma bar lambobi da alamomin haɗari a rubuce har zuwa ƙarshen kowace tattaunawa.