Tsire ko balangu? Ni dai na ce ka ɗauki balangun rago

Ɗan uwa mai tambayar tsire ko balangu don abokan ango su 30 ranar ɗaurin aure, na ga tun jiya Kanawa da Sakkwatawan zauren nan suke ta ja-in-ja kowa na yabon na garinsu, har yanzu ba wanda ya ba ka amsa. To ni haifaffen Kano ne, da tsire na tashi, amma balangu za ka saya. Na rago, ba na sa ba.

Abin da ya sa na ce haka, shekarun baya ina bin kawuna Illela saron raguna idan babbar sallah ta matso, can bakin iyaka ne, kana tsallakawa sai Birnin Konni ta Nijar. Wata rana mun gama lodi wajen magariba ga yunwa ga ƙura ta cika mana maƙogwaro, sai kawu ya ja ni wajen wani dattijon mahauci a gefen tasha, ba allo ba suna, waga ce kawai a kan rabin ganga da benci guda ɗaya. Abin da na fara lura da shi babu harshen wuta ko kaɗan, garwashi ne ya kwanta ja wur a ƙasa, naman kuma manya manyan yanka da ƙashinsa da kitsensa an rufe shi da takarda, sai tururi ke fita ta gefe. Ya ɗaga takardar ya ce mi kaka so yaro, haƙarƙari ko cinya? Kawu ya ce a haɗa mana. Ya datsa da wuƙa, ya zuba a takarda mai kauri, ya yanka albasa a kai, ɗan gishiri, ya naɗe ya sake mayarwa gefen wuta kamar minti 10, ni kuma har na ƙosa ina cewa a raina me kuma ake jira. Da aka buɗe ƙunshin nan wallahi romo ne kwance a ƙasan takardar, albasar ta yi laushi ta sha man rago, ƙashin haƙarƙarin kana ja yana zarewa da kansa ba sai ka sa haƙori ba. Yajin ma a gefe ya ajiye mana, wanda ya so ya dangwala. Na ci rabi kafin na tuna da shi. Kawu ya sa burodi ya kwashe romon tas, har yau idan aka yi maganar nama a gidanmu sai ya kawo zancen dattijon nan.

Kuma ba wani sirri ba ne, mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da su Maraɗi da Tawa dabbar ce a hannunsu. Can ne za ka ga uda, ragon nan mai rabi baƙi ko ja ta gaba rabi fari ta baya, ga balami farin nan mai tsayi da dogon kunne. Wanda yake da rago mai kitse ba ya buƙatar ya lulluɓe shi da ƙuli, kitsen ne man gashin, yana narkewa a hankali yana shiga tsokar, takardar da aka rufe tana riƙe tururi naman ya dahu har ciki kafin bayan ya yi ja. Shi ya sa balangu yake cin awa 2 zuwa 3 a kan wuta, ba a yi masa gaggawa. Kuma shi ya sa yake jure jira, wannan shi ne abin da ya shafe ka, domin abokan ango ba sa zuwa lokaci ɗaya, wasu na wajen hotuna wasu sun tafi kai motocin amarya, idan ƙunshin balangu yana gefen garwashi wanda ya zo ƙarfe 10 na dare zai ci mai daɗi kamar wanda ya zo ƙarfe 8.

Tsire kuwa ba zan ce ba shi da daɗi ba, yana da shi, amma a bakin tukuba, kana tsaye ana cirowa daga wuta ana ba ka. Yanka ne siriri a jikin tsinke, an birkiɗa shi cikin garin ƙuli da citta da barkono da masoro da kanumfari, minti kaɗan ya gasu, minti kaɗan kuma ya huce. Da ya huce ƙulin ya jiƙe da mai ya daskare, naman ya koma kamar fata. Ni na gani da idona a bikin ƙanina, na ba da kuɗin tsinke 200 tun kwana biyu kafin ranar, aka kawo a kwali bayan isha'i, na sama sama ne kawai sabon gashi, na ƙasa kwantan jiya ne aka shafa masa mai aka ɗumama, kana kai shi hanci za ka ji warin tsohon ƙuli. Baƙin da suka zo daga Zariya suka ɗan taɓa suka ajiye, ba wanda ya ce komai amma na ji kunya ƙwarai, kuma kuɗin da na kashe da na ƙara kaɗan da rago sukutum na saya.

Ga masu cewa ai tsire ne ya zaga duniya, gaskiya ne ban musa ba. A Legas da sauran kudu shi suke kira suya, alhali mu a wajenmu suya da mai ake yinta a kasko. A Gana ana ce masa cicinga, a Kamaru soya, a Sudan agashe, ka ji kalmar ai tamu ce, a gashe, Hausawan da suka zauna can a kan hanyar hajji ne suka kai. Amma dalilin da ya yi tafiya shi ne sauƙin sayarwa, kowa zai iya sayen tsinke ɗaya ko biyu da ɗan canjin aljihunsa, mai gashi kuma da ɗan nama kaɗan zai cika tire. Wannan ba ya nufin ya fi daɗi.

Wani a zauren nan ya kawo maganar kilishi, a bar shi a gefe don Allah. Kilishi guzuri ne da tsaraba, an shanya shi a rana an tsoma a labu an sake shanyawa sannan a nuna masa wuta. Na Agadasawa a Kano yana da kyau, na Nijar ma ba a magana, har rajista aka yi masa da sunan ƙasar a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, kamar yadda aka yi wa albasar Galmi. Idan za ka ba baƙi na nesa su tafi da shi gida to madalla, amma ba a ƙosar da mutum 30 da shi.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa maka, masu ha'inci sun yi yawa a sana'ar nan, suna ɓata wa mahautan kirki suna. A tsire ha'incin ya fi sauƙi domin ƙuli da kala suna rufe komai, jijiya, kitse zalla, naman da ya kwana, har naman raƙumi a ce maka na sa ne, raƙumi halal ne amma a faɗa maka mana ka sani ka biya kuɗinsa. A balangu abin da suka fi yi shi ne su ba ka akuya ko tsohuwar tunkiya da sunan rago, ko a nuna maka tsoka mai kyau a ba ka ɗanɗano daga ita, kana juya baya a cika ƙunshin da ƙashi da albasa. Kar ka bari a yanka a bayan idonka. Kar ka yarda da naman da ya yi ja fiye da kima, kala ce. Idan ka ga mai gashi yana yawan shafa mai a kan naman da ya riga ya yi duhu, na jiya ne yake tayarwa. Sannan takarda, ka ce ba ka son ta buhun siminti mai ƙura a jiki, ba ka son jarida domin tawada tana narkewa a cikin mai mai zafi, leda baƙa kuwa kar ta taɓa naman ma, ka sayi takarda mai tsabta da kanka ka kai masa, ba tsada gare ta ba.

Abin da zan yi in ni ne kai, ba zan ba kowa kwangilar nama a kawo min a kwali ba. Ka je kara da wanda ya san dabba, ku ɗauki rago matsakaici mai ƙiba, ka taɓa gadon bayansa da gindin wutsiya ka ji tsoka, ɗan shekara ɗaya zuwa biyu ya fi laushi, ba sai ƙaton mai ƙaho na ado ba, ko ɗan ƙasa ne in dai ya sha kiwo ya wadatar. A yanka da safe a gabanka, ka ɗauko mahauci mai gashi ka biya shi ladan aikinsa ya zo da wagarsa ƙofar gida ya kunna gawayi bayan la'asar. In ka samu Basakkwace ko Bakatsine ka dace, akwai su a kowane gari, ka tambayi masu sayar da raguna a karar za su nuna maka. Ka ce masa gishiri da ɗan sinadarin ɗanɗano kawai, yaji a gefe, albasa da yawa, hanta da ƙoda a gasa su daban a fara fitar wa manya da su. Rago ɗaya zai ishi mutum 30 idan akwai gurasa ko masa a gefe, kai da ƙafafu da kayan ciki kuma a shigar wa mata cikin gida su yi farfesu.

Idan akwai wanda ya nace sai tsire a cikin abokan, ka sa mai gashin ya ware ɗan naman cinya ya yi tsinke 20 a nan take a ci da zafinsa. Allah ya sa a yi taro lafiya, ya ba su zaman lafiya.