Kwas ɗin balagar Girkawa da Rumawa ta intanet: amfaninsa yana wurin gyaran malama

Na yi rajistar wannan kwas ne saboda sunayen Aristo na Girka da Sisero da Kwintiliyan na Rum, manyan masana balaga na zamanin da, da aka jera a tallarsa, ina zaton tarihi zan sha. Tarihin yana nan kuwa, sai dai shi ne ɓangaren da ya fi rauni. Darussan bidiyon sun taɓo birnin Sirakus na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), inda ake cewa Koraks da Tisiyas suka fara koyar da yadda mutum zai kare kansa a kotu, suka ambaci zuwan malamin balaga Gorgiyas birnin Atina a shekara ta 427 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), duk a gurguje kamar ana karanta jadawali. Wanda ya taɓa buɗe littafi a wannan fanni ba zai ƙaru da komai a nan ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne aikin mako-mako, inda ɗalibi ke naɗar jawabinsa ya tura, malama ta saurara ta dawo masa da gyara a rubuce. Minti huɗu ake bayarwa, kuma da zarar lokaci ya cika sai shafin ya katse naɗin, koyi da agogon ruwa na kotunan Atina, wato tukunyar da ruwa ke tsiyaya ta ƙasanta, wadda ƙarewar ruwanta ke rufe bakin mai magana a gaban masu yanke hukunci da sukan kai 201 ko 501. A aikina na farko an ce in kare mutumin da ake zargi da saɓa alkawari. Na cinye rabin lokacina a shimfiɗa, hujjata mafi ƙarfi ta zo a numfashin ƙarshe, agogo ya yanke ta a tsakiyar jimla. Malamar ta nuna mini daƙiƙar da ya kamata in shiga magana, sannan ta ja hankalina ga abin da ban lura da shi ba sam: ban ambaci hujjar masu ƙara ko sau ɗaya ba, don haka na bar mai sauraro yana maimaita wa kansa ita alhali ni ina can ina zuba tawa.

Mako na gaba aka umarce ni in tsaya a ɓangaren masu ƙara a shari'ar nan dai, kamar yadda ake horar da ɗalibai a makarantun Rum. A nan ne hanyoyi uku na gamsarwa da Aristo ya zayyana suka zauna mini a kai: amincin mai magana a idon jama'a, halin da ya jefa zukatansu, da ƙarfin hujjar kanta. Na ga da idona yadda hujja guda ke sauya nauyi idan aka sauya wanda ke faɗinta. Darasin da ya fi burge ni shi ne wanda aka warware jawabin farko na Sisero a kan Katilina, ɗan majalisar Rum da aka zarga da shirya juyin mulki, na shekara ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), jimla bayan jimla, aka nuna yadda ya tsallake shimfiɗa gaba ɗaya ya buɗe da ruwan tambayoyi, domin wanda ake zargin yana zaune a majalisar, kuma 'yan majalisar sun riga sun san abin da ya tara su.

Inda kwas ɗin ya gaza shi ne isar da jawabi. Magabata sun kasa wannan ilimi gida biyar, daga nemo hujja, tsara ta, zaɓen kalmomi, hadda, zuwa isarwa da murya da motsin jiki, amma an cusa biyun ƙarshe a mako ɗaya. Abin mamaki ne a ga haka daga masu koyarwar da suka kawo labarin Demosteni, shahararren mai jawabi na Atina, wanda aka ce da aka tambaye shi abu mafi muhimmanci a jawabi ya amsa da isarwa har sau uku. Magana da kyamarar waya ba ta koya wa mutum karanta fuskokin masu sauraro, kuma zaman kai tsaye ɗaya tak aka yi mana. Haka nan an tsallake daga Kwintiliyan zuwa Turai ta ƙarni na 15, ba a ce uffan ba game da Alfarabi da Ibn Sina da Ibn Rushd, waɗanda suka yi sharhin balagar Aristo da Larabci, balle masanin balagar Larabci Abdulƙahir Aljurjani da ya rasu a 1078.

Tsarin rajista iri biyu ne, na bidiyo zalla da kuma mai haɗe da gyaran malama. Na biyun ne kaɗai zan ba mai rubutu ko lauya ko mai shirin muhawara shawarar ya ɗauka, sannan ya nemi mutane uku ko huɗu da zai riƙa tsayawa a gabansu yana gwada kowane jawabi kafin ya naɗa.