Filebon banila: na gaske, na haɗi, da na algus, wanne ya kamata ku saya?

Duk mai yin kek ko askirim ya san kwalbar filebo ƙarama ce amma ita ke ɗaga abu ko ta kashe shi. Kwanaki wata ƙawata ta nuna min wata ƙatuwar kwalba da ta saya tana ta murna wai ta samu banila zalla da araha, na juya bayan kwalbar, ba jerin kayan haɗi, ba adireshin kamfani, ba ranar lalacewa, sai hoton fure kawai da kalmar pure da manyan baƙaƙe. Na ɗiga kaɗan a farin faranti sai ga shi baƙi wuluk kamar ƙonannen suga, ƙamshin ya daki hanci sau ɗaya ya ɓace. Wallahi raina ya ɓaci, don kuɗin na gaske ta biya a tunaninta.

To bari mu fara da na gasken. Banila ɗan wata shuka ce mai yaɗo, asalinta Meziko, amma yau Madagaska ce ke noma mafi yawa. Furen kwana ɗaya yake buɗewa kuma da hannu ake masa barbara ɗaya bayan ɗaya, dabarar da wani yaro bawa ɗan shekara 12 mai suna Edmond Albius ya gano a tsibirin Reunion a 1841, bayan nan a jira wajen wata tara ya nuna, sannan a yi watanni ana shanyawa ana rufewa kafin ƙamshin ya fito. Kun ga abin da aka sha wannan wahalar a kansa ba zai taɓa zuwa a ƙatuwar kwalba da kuɗin banza ba. Bayan guguwar Enawo ta afka wa Madagaska a 2017 sai da kilo ɗaya ya kai wajen dala 600. A Amurka doka ta fayyace: kafin a rubuta vanilla extract, wato filebon banila na gaske, a jikin kwalba dole a jiƙa oza 13.35 na ɗan banila a kowane galan, wato kusan giram 100 a lita, kuma barasar da ke ciki kar ta gaza kashi 35 cikin 100. Eh, barasa, da ita ake tatso ƙamshin, don haka wanda ba ya son ta ko kaɗan ya nemi garin banila, ko wanda aka yi da gilisarin, ko ya sayi ɗan banilar kansa ya tsaga ya kankare ƙwayoyin ciki.

Na biyu shi ne na haɗi, wanda za ku ga an rubuta imitation ko artificial. Ni fa ban da matsala da shi sam, indai ya faɗi abin da yake. Sinadarin da ke ba banila yawancin ƙamshinta sunansa banilin, tun 1874 wasu Jamusawa biyu Tiemann da Haarmann suka iya haɗa shi a ɗakin gwaji, yanzu galibi daga sinadaran man fetur ake yin sa, kaɗan kuma daga itace. Akwai ɗan uwansa etil banilin da ya ninka shi ƙarfi wajen sau uku. Bambancin shi ne na gaske yana da ɗaruruwan sinadaran ƙamshi, na haɗi kuwa ɗaya ne ko biyu, amma da yawa daga cikin waɗancan ɗaruruwan zafin oba na kore su, shi ya sa a biskit ko kek da zai daɗe a wuta da wuya mutum ya bambance. In kuma askirim ne ko kirim ko kastad, abin da ba ya shan wuta sosai, nan ne na gaske ke nuna kansa, nan ya cancanci kuɗinsa.

Na ukun shi ne wanda nake so ku guje wa, na haɗi da aka sa wa rigar na gaske. Banilin mai araha, ruwa, kalar ƙonannen suga, a rubuta pure, shi ke nan. Wani lokacin ma abin ya wuce cutar aljihu. Ana zuba ruwan ƙwayar wata bishiya mai suna tonka don ƙamshinta ya yi kama da banila, ita kuwa tana ɗauke da wani sinadari mai suna kumarin, wanda Amurka ta hana sawa a abinci tun 1954 saboda an ga yana lalata hantar dabbobin gwaji. Wannan ha'incin tsoho ne, yana cikin irin abin da ya sa aka kafa dokar tsabtar abinci da magani ta 1906 a Amurka, wadda wani masanin sinadarai na gwamnati mai suna Harvey Wiley ya yi ta fafutuka a kai, bayan ta aka riƙa kama kwalaben filebon lemo da kusan ba man lemo a ciki sai kala, alhali ma'aunin hukuma ya ce man ya kai kashi 5 cikin 100. Kuma ko da dokar sai da aka yi ta'asa a 1930, lokacin da aka gurɓata ruwan citta mai suna Jamaica ginger da wani sinadarin masana'anta don a wuce gwajin hukuma, dubban mutane ƙafafunsu suka shanye, wasu har ƙarshen rayuwarsu.

Yau masu bincike na da kayan aiki, suna auna nau'in kabon da ke cikin banilin su gane daga shuka ya fito ko daga fetur, amma ni da ku ba mu da wannan a kicin, abin da muke da shi rubutun jikin kwalba ne, kuma gaban kwalba talla ne, bayanta za ku karanta. Na gaske jerinsa gajere ne, ɗan banila, barasa, ruwa, wani lokacin suga. In kun ga vanillin ko ethyl vanillin, wato banilin da etil banilin ɗin nan, a jerin to na haɗi ne ko me aka rubuta a gaba. A Tarayyar Turai dokar 1334 ta 2008 ta ce ba a rubuta natural vanilla flavouring sai aƙalla kashi 95 na abin ƙamshin daga banilar ya fito, in kuwa natural flavouring kawai kuka gani ba sunan banila, to ba lallai akwai banila a ciki ba. Filebon da ya zo fari tas kamar ruwa shi ma na haɗi ne, na gaske ruwan ƙasa yake.

Ni yanzu kwalba biyu nake ajiyewa, babba ta haɗi mai cikakken bayani don abin da zai shiga oba, ƙarama ta gaske don abin sanyi. Wadda ba ta da jerin kayan haɗi da sunan kamfani da lambar rajistar hukumar abinci ta ƙasar da ake sayar da ita kuwa, ko kyauta aka ba ni ba na zubawa a abin da yara za su ci, ita ma ƙawar tawa sai da na sa ta zubar da tata.