Gargaɗi ga masu tsofaffin motocin gas a Jos: ku kiyayi mai sayar da na'urar ƙara wa inji ƙarfi

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da masu motoci, musamman masu J5 da ke lodin kayan gwari a Farin Gada, da masu tsofaffin Hilux da Land Cruiser. Akwai wani mutum da ke zagaya tashoshi da garejoji a garin nan, yana kuma talla a WhatsApp da Facebook, da wata 'yar na'ura mai girman kwalin ashana. Cewa yake in ya ɗaura maka ita injinka zai ƙara ƙarfi, shan mai ya ragu, ka haye Hawan Kibo da kaya ba tare da ka koma giya ɗaya ba. Wallahi damfara ce. Ban kama suna ba saboda ba shi kaɗai ke wannan sana'a ba, gara ku gane dabarar da kanta.

Aikina gyaran famfon gas ne, kuma motocin da suka bi ta hannunsa wurinmu suke ƙarewa, shi ya sa na kasa yin shiru.

Abu na farko, waɗannan injuna ba su da ƙwaƙwalwar da na'urar za ta yi magana da ita. Injin 1HZ na Land Cruiser mai lita 4.2, da 3L da 5L na Hilux, da na J5 mai lita 2.5, duk famfo ne na ƙarfe ke auna musu mai, da sifirin da ƙusa. Soket ɗin nan mai ramuka 16 da ake jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, sai a 1996 aka wajabta shi a Amurka, motocin gas na Turai kuwa sai wajen 2004. Da ya ga motarka ba ta da shi, sai ya jona wayoyi biyu da batir, fitila ta riƙa ƙyaftawa, ya ce maka tana karanta injin. Ko a sababbin motoci ma irin waɗannan na'urori ba sa taɓuka komai. A 2017 wani kamfanin binciken tsaron kwamfuta na Faransa, Quarkslab, ya farke ɗaya daga cikinsu mai suna Nitro OBD2, ya tarar ba ta aika wa motar saƙo ko ɗaya, fitilu kawai take kunnawa.

To amma mutane suna rantsuwa cewa motarsu ta ƙara ja bayan ya gama, kuma ba ƙarya suke yi ba. Nan ne muguntar take. Yayin da yake riƙe ka da hira, ko ya aike ka sayen tef, yaronsa na can ƙarƙashin bonet ya fasa hatimin da ke kan ƙusar mai ta famfo ya murɗa ta ciki, don famfon ya riƙa tura mai fiye da kima. Wani lokaci har matatar iska suke zarewa. Ka tayar da mota ka taka totur, ka ji ta zabura, ka biya kuɗi da murna.

Ku duba inda muke zaune. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarmu ba ta kai ta Legas kauri ba. Injin da ba shi da tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawan mita 300, wato a nan ya riga ya yi asarar kashi goma ko fiye. Iska ce ta yi masa kaɗan, ba mai ba. In ka ƙara masa mai a kan ƙarancin iska, rarar ba ta ƙonewa da kyau, ita ce baƙin hayaƙin da ke turnuƙe na bayanka. Zafin cikin silinda ya hau, kuma agogon ruwa ba ya nuna wannan zafin da wuri, sai ɓarna ta yi nisa. Fistin na alminiyam ne, shi kuwa alminiyam yana narkewa a digiri 660 ko kusa da haka. A doguwar hawa da lodi, kan inji ya tsage, gasket ta ƙone, toka ta gurɓata baƙin mai ta cinye zobban fistin. Wanda aka zare wa matata kuma, ƙurar hunturu kaɗai ta ishe shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne waɗanda yake nema. Ba masu kuɗi ba ne. Mutum ne da motar nan ita ce cinsa da na iyalinsa, wataƙila ma balas yake kai wa mai ita kowane mako. Wani dattijo da aka jawo motarsa daga hanyar Akwanga ya ce mini, “Ɗana, ni fa so nake in riƙa isa Abuja kafin tumatir ya lalace.” Na ce masa, “Baba, ku yi haƙuri, sai an sauke injin nan.” Lambar mai na'urar kuwa tuni ta daina shiga.

In motarka ta yi sanyi, akwai gyara na gaskiya. A sauya matatar iska da ta mai, a gwada nozul, a daidaita tafet da taimin, a kai famfo kan injin gwaji a saita shi yadda kamfani ya tsara. Yawancin ƙarfin da ya ɓace a nan yake dawowa. Mai son fiye da haka sai dai tobo, wanda aiki ne mai tsada da ke buƙatar agogon auna zafin salansa da ƙwararren makanike.

Wanda aka riga aka ɗaura wa na'urar, ka cire ta yau, ka duba ko matatarka na nan, kada kuma ka ɗauki lodi sai mai gyaran famfo ya duba hatimin ƙusar. Ka adana shaidar tura kuɗi da hirarku ta WhatsApp, ka kai wa shugabannin tasharku da 'yan sanda, kana iya shigar da ƙorafi kuma a hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Don Allah ku karanta wa direbobin da ba sa hawa intanet.