Modem na ciki ko na waje: wanne za a saya?

Masu farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci sun sha tambayata wanne ya fi tsakanin modem na ciki da na waje, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin tarho. Duka biyun dai yare ɗaya suke ji. Tun 1981 da kamfanin Hayes na Amurka ya fito da Smartmodem, kwamfuta na ba modem umarni ne da kalmomin da ke farawa da AT. Ta aika ATDT da lamba, ya buga waya. Ta aika ATH, ya ajiye. Gudun duka biyun ma ba ya wuce 56k, wato kilobit 56 na bayanai a daƙiƙa.

Na ciki ya fi araha, kati ne da ake sokawa cikin kwamfuta, ba ya neman wutarsa daban. Sai dai da yawansu, waɗanda ake kira Winmodem, an rage musu kayan ciki, kwamfutar ce ke ɗaukar musu aikin sarrafa sauti. In manhajar da ke sa su aiki ta ɓace, ko aka bar Windows aka koma Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban, sai a sha fama.

Na waje ya fi kwanta min a rai. Fitilunsa na gaya maka halin da ake ciki: OH ta kama, ya ɗauki layi, CD ta kama, an haɗu. In ya maƙale, ka kashe shi ka kunna, ba ka taɓa kwamfutar ba. Tsawa kuma in ta biyo wayar tarho da damina, shi take fara samu, ko da yake cire wayar ya fi tsaro.

Mai Windows da kuɗinsa bai kai ba, na ciki ya ishe shi. Mai Linux, ko mai sauya kwamfuta akai-akai, ya ɗauki na waje.