Kabul ɗin HDMI zuwa DVI: idona ya huta, amma ya kunyata ni gaban mutane

Ina da ɗan butik na buga takardu da fotokopi a unguwar Ali Dan Sofo ta Maradi, wunina duk gaban kwamfuta yake ƙarewa. Bara na sayi ekran na hannu mai inci 24. Kafa biyu gare shi a baya: shuɗiyar VGA mai rami 15 da farar DVI. Laftof ɗina kuwa VGA da HDMI ke jikinta, sai na haɗa shuɗi da shuɗi, na yi wata 8 a haka. Rubutu na fitowa da inuwa kamar an shafa tawadar da ba ta bushe ba, kafin la'asar idona ya yi ja, kaina na sarawa. Na ɗauka tsufan ekran ne.

Wani yaro mai gyaran kwamfuta a layinmu ya ganar da ni. Ya ce VGA tun 1987 take, zamanin ekran mai ƙaton ƙeya, kuma sai kwamfuta ta juya hoton ya zama sigina irin ta da, ekran ya sake juya shi, a nan kaifin rubutu ke zubewa. DVI da ta fito a 1999 kuwa yarenta ɗaya da HDMI, kabul kawai ake bukata, ba sai da wata na'ura a tsakani ba.

Na je babbar kasuwa na sayo mai tsawon mita 1.5, jika 3. Wallahi ranar da na jona shi sai da na kira yaron shagona ya zo ya gani. Ekran ya hau cikakken kaifin hotonsa, 1920 da 1080, da kansa, ƙugiyar ƙ da ta ɗ ta fito tsaf, layukan tebur sun miƙe. Ciwon kai ya tafi. Sati 3 ina yi wa duk wanda ya shigo tallarsa.

Akwai abin da ya fara sosa mini rai tun farko. Na tambayi mai kayan, "Alhaji, yana ɗaukar murya?" Ya ce, "Har da ƙari." Alhali DVI ba a yi ta don sauti ba, hoto kaɗai ta sani, ƙananan lasifikan ekran ɗin shiru suke har yau. Wannan na yafe.

Abin da ban yafe ba ya faru ne wani daren Lahadi. Wata ɗalibar Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta kawo memwar ɗinta, wato kundin kammala karatu, shafi 80 da ɗori, da safe za ta miƙa. Mahaifinta na waje kan moto yana jira. Muna cikin gyaran tebur-tebur sai wasu ɗige-ɗige masu ƙyalli suka watsu a ekran, sannan ya yi baƙi ƙirin. Ya dawo, ya sake ɗaukewa. Kuran na nan, fanka na juyawa. Yarinya ta dafe ƙirji ta ce, "Yaya, aikina ya tafi ko?" Hawaye har sun zo. Aikin bai tafi ba, amma duk ɗaukewa sai shafin ya yi tsalle ya koma kan laftof, in laluɓo inda muka tsaya. Dattijon ya leƙo sau biyu, bai ce komai ba, shirunsa ya fi faɗa ciwo. A ƙaramin allon laftof muka ƙarasa, sha ɗaya ta wuce.

Washegari muka duba. Gefen DVI lafiya lau, kusoshinsa biyu sun riƙe shi gam. Gefen HDMI ne, mai siraran haƙora 19 kuma babu abin ɗaurewa, wayar ta karye daga ciki daidai wuya inda take lanƙwasa. Sirirya ce kamar igiyar caja, ban lura ba sai lokacin. VGA in ta fara lalacewa tana yi maka kashedi, launi ya koma rawaya ko hoto ya yi rawa, ka lallaɓa ka gama aikinka. Wannan kuwa yankewa yake yi kai tsaye.

Na mayar, Alhaji ya ce kayan wuta ba a maidowa. Ko kabul ɗin bai karɓa ya duba ba.

Na sayi wani mai kauri a wani shago, na ɗaure shi da roba a ƙafar tebur don kada nauyinsa ya ja kan. Wata 2 ke nan bai ƙyafta ba. Shuɗin VGA yana cikin durowa kusa da hannuna saboda dare irin wancan.