Rali ne ko zagayen fili? Tauraro biyu na ba shi

Tauraro biyu cikin biyar na ba rali ɗin motoci da babura da anka yi a Yamai, kuma biyun nan ma albarkacin direbobi ne da ƴan babura, don masu shirya abin kam wallahi ko ɗaya ba su ci ba. Ba zan kama sunan kamfanin ba, duk wanda ya sayi tike ya je filin nan na bayan garin Yamai ya san da wa nike.

A talla sunka ce rali, hoton kat-kat tana keta rairayi kamar cikin Tenere. Abin da anka ba mu fili ne guda anka kewaye da tayoyi da igiya, mota biyu su shigo su zagaya su fita, ba su kai ko minti biyu ba, sai a zauna kuma ana jira mai makirfo na ta ihu wai mu tafa. Mu tafa ma wa? ƙura?

Ni fa ban ce tseren cikin fili haramun ba ne. A gasar rali ta duniya ma ana yin shi, Girka sun yi a babban filin Olimpik na Atina a 2022 fili ya cika maƙil, Kenya ma da Safari Rally ta dawo cikin gasar a 2021 sun yi irinshi a Kasarani cikin Nairobi. Amfaninshi a fili yake, mota biyu na tashi tare gefe da gefe, kana zaune kana ganin farko da ƙarshe, yara da mata na iya zuwa, masu talla sun samu wurin rataya allunansu. Amma can ɗanɗano ne, kilomita kaɗan, washegari a fita daji a yi ainihin tseren na ɗaruruwan kilomita inda ake gane direba. Mu namu ɗanɗanon shi ne tuwon duka. An ce akwai zango na daji da safe, sai dai ba wanda ya faɗa ma ƴan kallo inda za su tsaya ko ƙarfe nawa, ba taswira ba sanarwa, kowa da abin da ya ji a WhatsApp, wasu abokaina sun bi jita-jita sunka ƙona man babur ɗinsu a banza sunka dawo da jan ido.

Sai maganar ƙofa. Ƙofa guda ga mai tiken jika biyu da mai na jika goma da mai shigowa da babur da masu tallar ruwan leda, duka a cakuɗe. An rubuta za a fara ƙarfe uku, har anka kira la'asar ba motar da ta motsa, kuma ba wurin alwala ba wurin salla sai kowa ya nemi gefe. Mu da munka biya babban tike wai wurin manya, mun tarar da kujerun roba ƙarƙashin bash kuma an kafa shi daidai inda iska ke kai ƙura, ba a yayyafa ma filin ruwa ba ko tanki guda, in mota ta yi kwana sai ka daina ganin ko na kusa da kai. Masu ƙaramin tike da ke tsaye a rana ta ɗaya gefen sun fi mu gani, abin dariya. Ba allon da ke nuna lokacin kowane direba, to rali kuwa lokaci ne gaba ɗayanshi, in ba ka san sakan nawa mutum ya yi ba mi kake kallo? Har munka tashi ban san wa ya ci ba, sai da dare na gani a Facebook.

Abin da ya fi ɓata min rai tsaro ne. Igiya ce kawai tsakanin mutane da mota, samari na ɗaga ta suna shiga da waya don ɗaukar bidiyo, a bakin kwana ma inda in taya ta kuɓuce nan mota za ta nufa. Masu rigar tsaron su ma bidiyon suke ɗauka. Ambilans na gan ta amma motocin manyan baƙi sun tare mata hanya. Wanga ba abin wasa ba ne, a Fotugal a 1986 mota ta kuɓuce ta faɗa cikin ƴan kallo da sunka cika bakin hanya mutum ukku sunka mutu, kuma a ƙarshen shekarar nan ne anka kawar da motocin rukunin B, wato masu tsananin ƙarfi da gudu na lokacin, daga gasar. Allah ya kiyaye mu ranar nan, amma ba dabarar kowa ba ce.

Kuma don Allah kar a ce mana ai sabon abu ne a ƙasar. Nijar ta san rali tun kafin a haifi masu shirya wanga. Paris-Dakar da Thierry Sabine ya kafa, wadda ta fara tashi a ƙarshen 1978, ta sha ratsa Agadas da Tenere, dattawanmu na Tawa har yau suna ba da labarin yadda suke fita bakin hanya kallon motoci da babura. Sabine ɗin da ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a 1986, tokarshi a Tenere anka watsa ta. A 2000 daga nan filin jirgin Yamai anka kwashe rali ɗin gaba ɗaya cikin manyan jiragen Antonov zuwa Sabha ta Libiya saboda barazanar tsaro. An soke Paris-Dakar ɗin a 2008, ta koma Kudancin Amurka a 2009, tun 2020 kuma tana Saudiyya. Na san halin tsaro bai barin a kai jama'a nesa cikin daji yanzu, wannan uzuri ne na gaskiya kuma na yarda da shi, amma ba shi ya hana a buɗe ƙofa ta biyu ba ko a zuba ma fili ruwa. Su je su ga yadda ake tafiyar da kokowar takobin ƙasa, tun 1975 ake yin ta, dubban mutane, kowa ya san ƙofarshi kuma kowa ya san wa ya kada wa.

Direbobin kam sun yi ƙoƙari, akwai wani mai tsohuwar Toyota da ya juya ta a kwana har filin ya ɗauki kuwwa, ƴan babura ma sun burge, kuma sun tsaya yara sun ɗauki hoto da su ba girman kai. Mai kilishin bakin ƙofa ma ba laifi.

In sun sake shiryawa kar ka sayi babban tike, ɗauki ƙarami ka tsaya inda iska ke bayanka, nesa da kwana, ka zo da ruwanka da rawani, ƙananan yara kuma a bar su gida. Na rubuta masu kan maganar maido da wani abu cikin kuɗinmu, sun karanta, shuɗin layi biyu ya fito, har yanzu shiru.